Ta'aziyyar Manjo A-Hankali, Wanda Ya Tsira a Fagen Daga Ya Rasu a Aikin Kamfani

Cikin alhini da ɗacin rai, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Tsofaffin Matuƙan Soja da Ke Tuƙa Jiragen Farar Hula tana sanar da 'ya'yanta, da abokan aiki, da jama'a baki ɗaya, cewa ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin dattawanta, malaminmu kuma babban yayanmu, mai girma Manjo mai ritaya, wanda duk wanda ya taɓa sa kakin matuƙi ya san shi da laƙabin Manjo A-Hankali. Allah ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi, bayan jirgi mai saukar ungulu da yake tuƙawa, ɗauke da ma'aikatan haƙar mai, ya faɗa teku a hanyar dawowa daga dandamalin aikinsu. Duk waɗanda ke cikin jirgin sun fito da ransu, sai shi kaɗai.

Marigayin ya shiga aikin soja yana saurayi, ya kuma shafe fiye da shekara ashirin yana tuƙa jiragen da ake aikawa inda mota ba ta zuwa. Mafi yawan aikinsa kwaso waɗanda suka ji rauni ne daga bakin daga, kuma a cikin wannan ƙungiya akwai manyan hafsoshi da ke takawa da ƙafafunsu a yau saboda ya yarda ya sauka a filin da ake harbi, ya jira har aka gama loda su. A shekarar da ruwa ya ci garuruwa, shi ne ya yi ta shawagi a kan rufin gidaje yana ɗauko mata da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya rundunarsa ta mayar da shi makarantar koyar da tuƙi, inda ya samu laƙabinsa. Idan ɗalibi ya tsorata ya damƙe sandar tuƙi kamar zai karya ta, Manjo ba ya tsawa, sai ya taɓa masa gwiwar hannu ya ce a hankali, ai ba kokawa kuke yi da jirgin ba. Rabin waɗanda za su karanta wannan saƙo a rumfunan jirage sun ji wannan taɓawa a gwiwar hannunsu.

Ba gajiya ce ta sa ya tuɓe kaki ba. Mahaifiyarsa ta tsufa, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara a gidan sai ta miƙe tsaye. Maiɗakinsa ta yi renon yara kusan ita kaɗai, daga wannan bariki zuwa wancan. Suka haɗa baki suka roƙe shi ya nemi aikin da ake fita da safe a dawo da yamma, wanda ba mai harbin kowa a cikinsa, shi kuma ya ji maganarsu.

Abin da ya tarar a waje, kowane ɗan wannan ƙungiya ya ɗanɗana shi, amma kaɗan ne suka haɗiye shi da irin haƙurinsa. Masu ba da lasisin farar hula suka duba dubban awannin da ya yi a sama, suka ce wani ɓangare kawai za su lissafa masa, domin sauran a jiragen yaƙi ya yi su. Mutumin da ya yaye matuƙa aji bayan aji ya koma aji da furfurarsa, ya zauna a benci ɗaya da sa'annin 'ya'yansa, ya rubuta jarrabawa a kan yadda iska ke ɗaga farfela. Da ya ci, kamfanin da ya ɗauke shi bai ɗauke shi a matsayin ma'aikacinsa ba, sai ta hannun wani ɗan kwangila mai samar da matuƙa, aka kuma ajiye shi a kujerar mataimaki, a ƙarƙashin wani wanda shi Manjon ne ya koya masa tsayar da jirgi a sama. Wannan bawan Allah ya faɗa mana cewa kunya ta hana shi ba Manjo umarni, har sai da Manjo ya ja shi gefe ya ce masa a cikin jirgi shi, tsohon ɗalibin nasa, shi ne babba, in ya sake ce masa yallaɓai a gaban fasinja zai kai ƙararsa. Manjo da kansa yakan ba mu dariya da wannan hali, yana cewa a soja ya wuce kyaftin tun 'yarsa ta fari tana rarrafe, ga shi a kamfani yana azumin shekaru yana jiran a ƙara masa girma ya zama kyaftin, wato babban matuƙin jirgi.

Bai taɓa raina sabon aikin ba. Yakan ce wa 'yan uwanmu masu shirin ajiye kaki kada su fito da girman kai, domin tuƙi a kan teku, inda sama da ruwa ke haɗewa ido ya rasa abin kamawa, karatu ne dabam, kuma fasinjan kamfani ba kurata ba ne da za a ce musu zauna su zauna. Falon gidansa ya zama makarantar da babu allo. A kan teburin cin abincin iyalinsa ake baje taswirori da littattafan jarrabawa, yara su ɗauki kwanukansu su koma tsakar ɗaki, Manjo yana zagayawa da gilashinsa a kan hanci yana gyara wa Kanar-Kanar lissafin mai. Babu wanda ya taɓa biyansa, babu kuma wanda ya fita gidan da yunwa.

Wannan ƙungiya ta saba fitar da saƙon ta'aziyya da ke tsayawa a yabo da addu'a. A wannan karo Majalisar Zartarwa ta umarce ni kada in tsaya a nan, saboda an riga an yi magana a kan mamacinmu a bainar jama'a, shi kuma ba shi da bakin mayar da martani.

Makonni kafin hatsarin, Manjo, wanda a lokacin ya riga ya zama kyaftin, ya tashi a taron safe na matuƙa, a gaban abokan aikinsa da injiniyoyi, ya ce yana jin wata girgiza daga wajen farfelar wutsiyar wannan jirgi da ya faɗi daga baya, ya nemi a ajiye shi a buɗe shi. Injiniyoyin ba su ƙi ba, lokaci suka nema. Manajan zirga-zirgar kamfanin ne ya ce jirgin yana da aiki a gabansa kuma na'ura ba ta nuna komai ba. Da Manjo ya nanata, manajan ya ce masa: "Kyaftin, nan fa ba bariki ba ne. In tuƙin ya gagare ka, akwai masu jiran kujerarka." An duba jirgin sama-sama aka mayar da shi aiki. Waɗanda suka ji wannan magana suna nan da ransu, kuma sun shaida wa ƙungiya cewa a shirye suke su maimaita ta a gaban masu bincike.

Mataimakinsa a wannan tafiya, magidanci ne da bai taɓa aikin soja ba, ya ba mu labari daga gadon asibiti. Ya ce suna cikin tafiya lafiya sai suka ji ƙara daga baya, jirgin ya fara juyawa da kansa. Manjo ya karɓi tuƙi, ya ce masa ya sanar da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, ya kuma gaya wa fasinjoji da murya irin ta kullum su riƙe kujerunsu za a sauka a ruwa. Ya ajiye jirgin a kan teku ba tare da ya tarwatse ba, amma igiyar ruwa ta kifar da shi. Mutane suka fito ta tagogi, Manjo ma ya fito, ya ƙirga kawuna ya ga saura ɗaya. Ya koma ciki ya kwance wani ma'aikaci da bel ɗinsa ya maƙale, ya turo shi ta taga. Ma'aikacin ya taso, Manjo bai taso ba. Sai da rana ta karkata masu ceto suka samo gawarsa.

Kafin a samo gawar, kamfani ya riga ya fitar da sanarwa. Ba a kira maiɗakinsa ba, ba a tura kowa gidan ba. Tana shanya kayan yara a bayan gida maƙwabciyarta ta shigo da waya a hannu, ta miƙa mata. A nan ta karanta cewa alamu na nuna kuskuren matuƙi ne, cewa matuƙin ɗan kwantiragi ne ba ma'aikacin kamfani ba, kuma tsohon soja ne, irin waɗanda, in ji sanarwar, kan zo da ɗabi'ar ganganci ta fagen fama. Sanarwar ta yi wa Allah godiya cewa dukkan ma'aikatan kamfanin sun tsira, ba ta faɗi wanda ya tsirar da su ba. Washegari aka kwashe abin da ke cikin lokarsa ta ajiye kaya a wurin aiki, abin sauraren kunnensa da filas ɗin shayinsa da takalman da yake sauyawa, aka zuba a kwali aka ba direba ya kai gida. Direban ya ajiye kwalin a bakin ƙofa ya tsugunna yana kuka, shi ne kaɗai wanda kamfanin ya aiko.

Ba mu san abin da ya kayar da jirgin ba, kuma ba za mu yi abin da muke zargin wasu da yi ba, mu yanke hukunci kafin bincike. Abin da muka sani shi ne kamfanin ma bai sani ba a lokacin da ya ɗora laifi a kan mamaci, domin jirgin yana ƙarƙashin ruwa babu wanda ya ko taɓa shi. Lokacin da ake neman kwangila, hoton Manjo ake sawa a gaban takardun talla ana alfahari da gogewar soja. Da jirgi ya faɗi, wannan gogewa ce ta koma ganganci. Muna kuma baƙin cikin sanar da cewa da muka tuntuɓi tsohuwar rundunarsa, an amsa mana cikin ladabi cewa marigayin farar hula ne a lokacin rasuwarsa, don haka ba hurumin runduna ba ne. Hafsoshin da suka zo suka ɗauki gawarsa a kafaɗa sun zo ne cikin kayan gida, kowa da ƙafarsa, kuma muna gode musu. Soja sun ce na kamfani ne, kamfani ya ce na ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya kashe wayarsa. Wannan ƙungiya tana shelantawa cewa namu ne.

Tawagarmu, ƙarƙashin jagorancin mai girma Shugaban Ƙungiya, ta je gidan marigayin. Mun tarar da mahaifiyarsa zaune a kujerarsa ta falo, ba ta kuka. Ta riƙe hannun Shugaba ta ce: "Ɗana, ni na ce ya bar soja. Ni na ce kada a kashe mini shi." Muna amfani da wannan dama mu shaida wa Mama cewa ba ta yi laifi ba don ta so ɗanta ya tsufa a gabanta, kuma shekarun da ya yi yana kwana a gidansa, yana kai yara makaranta, ita ce ta sama masa su.

Da za mu fito, babbar 'yarsa ta biyo mu har wajen motoci. Ta ce ƙannenta sun daina duba waya, domin duk inda suka buɗe sai su ga an rubuta cewa mahaifinsu ya kusa hallaka mutane. Ta dubi mai sa hannu a wannan saƙo ta ce: "Kawu, ku da kuka san Abba, shiru za ku yi?"

Ba za mu yi shiru ba. Ƙungiya tana neman kamfanin ya janye sanarwarsa da irin ƙarfin muryar da ya fitar da ita, ya kuma je gidan marigayin da manyansa, ba da direba ba. Mun naɗa lauya da gogaggen injiniya da za su bi binciken a madadin iyali har ƙarshensa. Duk ɗan ƙungiya da aka razana saboda ya ba da shaida, ko saboda ya ƙi tashi da jirgin da bai yarda da lafiyarsa ba, ya sani ba shi kaɗai ba ne. Mun kuma samu gayyatar kamfanin zuwa taron tunawa da marigayi da yake shiryawa a rumfar jiragensa, mun mayar da ita, domin ba za mu zauna a jere muna sauraron yabon mutumin da har yanzu ba a wanke shi daga zargin da masu yabon suka yi masa ba.

A madadin mai girma Shugaban Ƙungiya, da iyayen ƙungiya, da Majalisar Zartarwa, da dukkan 'ya'yanta na sama da na ƙasa, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyar marigayin, da maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da ƙannensa, da ɗalibansa, da mataimakinsa da ke jinya, da kuma ma'aikacin da ya fito ta waccan taga, wanda ya zo gidan ya kasa shiga. Allah ya jiƙan Manjo, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa ruwan da ya sha ya zama kaffara a gare shi. Allah ya ba iyalinsa haƙurin ɗaukar wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Waɗanda suka rubuta waccan sanarwa kuma, muna roƙon Allah ya ba su lafiya da tsawon rai, su karanta rahoton bincike da idanunsu.

Sa hannu:
Laftanar-Kanar mai ritaya, abokin karatun marigayin tun daga makarantar tuƙi,
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Matuƙan Soja da Ke Tuƙa Jiragen Farar Hula.