Rigarka da Na Tafasa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta yi zafi, Abban yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ga labarin gida. Inna lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwar da ka sani. 'Yarmu Yaya Babba ta warke, jiya har ta share tsakar gida. Auta zazzaɓinta ya sauka, saura ɗan tari. Ni kuwa jikina garau, zuciyar ce ba lafiya.

Yau kwana ashirin da uku da ka tare a ɗakin wankin asibiti, don kada ka kwaso mana wannan murar da ta zama annoba. Ranar Asabar na ji ka yi tari a waya, ka yi maza ka kashe. Tun daga nan ba ka ɗaga kirana, sai saƙo: lafiya lau. Haba, masoyina! Kalma biyu ne za su riƙe macen da ta saba da muryarka shekara goma sha shida? Kai ne fa iskar da ke zuwa gabanin ruwan sama, kai ne ruwan sanyin da nake sha bayan doguwar tafiya!

Na yi wata wauta. Ranar da za ka tafi, ka rataye tsohuwar shuɗiyar rigarka a bayan ƙofa. Duk sanda motar asibiti ta wuce da jiniya, sai in shiga ɗaki in cusa fuskata a cikinta, in ja numfashi sau goma a hankali, kamar yadda aka koya mana a rediyo. Da ita nake samun natsuwa. To da Auta ta kwanta, tsoro ya rufe min ido, na kwashi zannuwa da labule da duk abin da hannuna ya kai na tafasa, har da ita. Kai da wanki ne sana'arka dariya za ka yi min: ta koɗe, ta tsuke, ko Yaya Babba ba za ta shiga ba. Na shaƙa na sake shaƙa, ba ka ciki, sai sabulu. Na zauna bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun farkon annobar nan.

Ba zan ce ka aiko da wata ba, na san irin zannuwan da kake wuni a cikinsu. Rubutunka nake so. Ka tuna lokacin da nake goyon Yaya, kana riƙe hannuna a kan tabarma muna zana baƙaƙe, ina ɓatawa kana cewa a sake? Na san rubutunka fiye da nawa. In hannunka na rawa, zan gane.

Ba na ganin laifinka, tausayina kake ji. Amma wallahi rashin sani ya fi cin raina. In ciwon ne ya kama ka, faɗa min. Na yi jinyar yara biyu ban faɗi ƙasa ba, ba a kanka zan faɗi ba.

Maƙwabcinmu direban motar wanki zai kawo maka wannan. Ka ba shi amsa kafin Laraba. In Laraba ta yi shiru, zan ɗaura takunkumina a fuska in zo in tsaya a bakin ƙofar asibitin, ba zan gusa ba sai na gan ka tsaye da ƙafafunka.

Taka ni kaɗai, da lafiya da ciwo, har ƙarshen numfashina,
Maman yara