Tikiti Biyu na Ranar Talata

Grimsby, 9 ga Yuni

Yaya Lyndsey,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma haɗa kayan tafiya Ostareliya bai karya miki baya ba. Wasiƙarki ta iso, ni da kaina na tsince ta a wurin aiki muna ware wasiƙun safe. Na ga tikitin. Na san ba da sauƙi ake samun kujera a gasar tanis ta bakin teku ba, balle ranar da Tamsin Rudge za ta buga. Na gode ƙwarai. Amma ki karanta wannan a hankali kafin ki yi fushi.

Kin san tun yarinyar nan tana shekara goma sha bakwai nake rubuta duk wasan da ta buga. Yanzu ina littafi na shida. Daga bara zuwa yau, wasanninta ashirin da uku ne suka kai turmi na uku, wato na ƙarshe. Abin da na lura shi ne, da zarar an yi huɗu da huɗu sai ta fara gaggawa. Sau shida ta saba buga ƙwallo a ƙasa kafin ta fara wasa, sai ya koma sau uku. Ba ta cilla ƙwallon sama yadda ya kamata, bugun farko ya maƙale a raga, na biyun kuma ta tura shi a tsorace daidai hannun daman abokiyar karawarta. A haka ta zubar da wasan Fabrairu, alhali maki ɗaya ya rage mata. Ko da yake wataƙila idona ne. Na sake kallon wasan sau huɗu, a na huɗun sai na ga kamar sau biyar ta buga.

Akwai wani shafi kuma da ban taɓa nuna wa kowa ba. Cikin ashirin da ukun nan, sha ɗaya na kalla kai tsaye a talabijin, ta faɗi goma. Sha biyun da na kashe komai na tafi lambu, sai daga baya na kalli maimaici, ta ci tara. Na san abin da za ki ce, ni ma na faɗa wa kaina. Amma nasara ɗaya take nema ta shiga sahun ɗari na farko a duniya. Idan na zauna a gabanta ta faɗi, ban san yadda zan yi da kaina ba.

Na maido tikitin, ki ba wata ƙawarki. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Neil

Worthing, 13 ga Yuni

Auta,

Ina gaishe ka, kai da littattafanka shida.

Haba Neil! Wato yarinya tana can tana zufa, ga koci, ga likita, ga mai tsara mata abinci, amma duk sa'arta tana hannun wani mai raba wasiƙu a Grimsby? To ka rubuta musu mana su ba ka lambar yabo ta zaman lambu.

Saurara da kyau. Jirgina Laraba da sassafe zai tashi, washegarin wasan ke nan. Ranar Litinin zan miƙa makullin gida, in koma otal kusa da filin jirgi. Perth ba Hull ba ce da za ka hau bas ka zo ka koma. Shekarata hamsin da uku, renon jika zan je yi, ban san ranar dawowa ba, kai kuma ko da bulala ba a sa ka cikin jirgin sama.

Ba don Tamsin na sayi tikitin nan ba. So nake mu zauna kafaɗa da kafaɗa na awa uku, ka cika mini kunne da lissafinka, in yi kamar ina ji, mu sha shayi a fulas yadda muke yi lokacin da Mama take kai mu kallo. Ranar jana'izarta ma ta ƙofar baya ka sulale tun ba a watse ba, na yi shiru. Wannan karon ba zan yi ba.

Ga tikitinka nan na sake turowa. Ka zo da rigar ruwa. Sai na gan ka.

Yayarka,
Lyndsey

Grimsby, 26 ga Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kin sauka lafiya, kin kuma sami 'yarki Kerry da jaririyar lafiya. Zan faɗa miki abin da ya faru daki-daki, don ban iya wata hanyar ba.

Na zo. Jirgin ƙasa na shida da kwata na hau, na iso garin da ake gasar ƙarfe goma sha biyu saura kaɗan. Dabarar da na yi ita ce in tsaya a waje har wasanta ya ƙare, sannan in shigo mu kalli wasa na biyu tare. A ganina babu wanda zai yi asara. Ban tsaya a ƙofar kudu da aka rubuta a tikitin ba, domin daga can ana hango babban allon maki. Na zagaya ƙofar arewa, na zauna kan wani ɗan bango, na kashe waya don kada sakamako ya shigo mini.

Ban yi lissafin ruwan sama ba. Sau biyu aka tsayar da wasa. Ina zaune ina jin ihun mutane, ina ƙoƙarin gane na murna da na takaici. Wani dattijo mai duba tikiti ya ce, "Malam, matarka ce ta koro ka, ko kuwa bangon ne kake gadi?" Na ce ina jiran wata. Ya ce, "Duk haka muke cewa."

Ƙarfe shida da minti goma filin ya ɗauka da ihu gaba ɗaya, na san ta ci. Na shiga da gudu. Kujerarki babu kowa. Matar da ke gefe ta ce kin daɗe da tashi. Na kunna waya na ga kiranki tara. Na kira sau goma sha huɗu, ba ki ɗauka ba, sunan otal ɗin kuma ban taɓa tambayarki ba.

Na kalli maimaicin jiya. A huɗu da huɗu sau shida ta buga ƙwallon a ƙasa, ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan. Na buɗe littafin in rubuta, na daɗe a zaune, na rufe. Ban san ko na yi daidai ba. Lissafin ya ce na yi.

Ki yafe mini in za ki iya. Ki gaida mutanen gidan.

Ƙaninki,
Neil

Perth, 11 ga Yuli

Neil,

Mun gode, duk muna lafiya.

Ana biyar da biyar a turmi na uku na tashi. Na ce a raina yaron nan ya zo, na san shi, yana nan waje yana raɓe-raɓe. Minti arba'in na yi a ƙofar kudu, ruwa yana dukana, ina duba fuskar duk mai wucewa, har lokacin motar da za ta kai ni otal ya yi. Ni ma ban ga ƙarshen wasan ba.

Kiranka kuma na gani, duka sha huɗun. Wayar tana hannuna.

An ce Tamsin za ta sake buga wasa mako mai zuwa. Ka je lambu.

Lyndsey