Akun Mijina Yana Kirana da Muryarsa

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mijina tela ne, wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ba mu haihu ba. Abin da ya bar mini keken ɗinki ne da wani aku da ya shekara tara yana kiwo. Gimbiya yake kirana don tsokana, akun kuma ya ɗauke muryarsa tsaf, har da tarinsa. Da can abin dariya ne. In na fito a guje na tarar tsuntsu ne, sai maigidan ya ce yanzu su biyu ke aikena.

Ga abin da ko yayata ban faɗa wa ba. Ranar da ya rasu ina wanki a bayan gida da hantsi, na ji "Gimbiya, zo!" sau uku. Na ce ja'irin tsuntsun nan ba zai hana ni aiki ba. Da na gama shanya na shiga, na tarar da mijina a ƙasa gefen keke, rai ya yi halinsa. Har yau ban san wanda ya kira ni ba.

Tun daga ranar, da akun ya kira sai in yar da komai in ruga, in ba shi gyaɗa, in zauna ina kuka. Yanzu kiran ya koma ihu, tun safe har yamma. Maƙwabciyata mai jego ce, bango ɗaya muke, tana ta ƙorafi jaririnta ba ya samun barci. Mai gidan haya ya ce ƙarshen wata ko tsuntsu ya fita ko ni. A ɗakin nan muka yi zamanmu duka, muryar nan kuma ita ta rage mini. Na tsane shi, na kasa rabuwa da shi.

Gimbiyar Tela

'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana. Kwanansa ne ya ƙare, ba wankinki ya kashe shi ba. Ki faɗa wa yayarki, nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Amma maƙwabciyarki tana da gaskiya, kuma ba zan ɓoye miki ba, ke kike koya wa akun ihu. Ya gane in ya ƙwala kira, gyaɗa za ta zo. Daga yau in ya yi ihu kada ki je, kada ki tsawata masa. Da ya yi shiru, ki je ki ba shi. Ki janye kejin daga bangon mai jego, ki rufe shi da zane ya yi barci isasshe, ki sa masa icen da zai riƙa gwaguya. In yana fige gashinsa, ki kai shi wurin likitan dabbobi. Kwanakin farko ihun zai ƙaru, don haka ki shiga wurin maƙwabciyar ki yi mata bayani, ki roƙi mai gida ƙarin wata guda. In bai sauya ba, yayarki ta riƙe shi ki riƙa kai ziyara. Kada ki rasa ɗakinki.

Na san abin da nake ɗora miki: ki ji muryarsa tana kiranki, ki zauna ba ki tashi ba. Wannan karon kin san wanda yake kira. Allah ya sanyaya miki zuciya.