Ɗana Ya Daina Cewa "Gaskiya Ne"

Ki taimaka mini, 'yar'uwa, kafin in yanke hukunci cikin fushi.

Ni tela ce, 'ya'yana huɗu, kuma na gode wa Allah, babu mashayi, babu mai kwanan waje. Da tsanani na rene su, ban kuma yi nadama ba. A gidana wanda ya fasa faranti yana iya tsira, maƙaryaci kuwa sai ya ji a jikinsa. Kowace safiya, kafin in hau keken ɗinki, mukan taru a falo mu karanta Maganar Allah, in na rufe Littafin kowa ya ce "gaskiya ne." Babban ɗana, mai aikin gwajin jini a asibiti, ya daina faɗa. Yana durƙusawa, yana rera waƙa, amma a nan sai ya ja bakinsa. Da na tsare shi a kicin, cikin ladabi ya ce ai ni na hana shi shaidar abin da bai tabbatar ba, kuma a wurin aikinsu ba a sa hannu kan abin da ba a duba ba. Wai ta yaya na san Almasihu ya tashi? Ƙannensa na kallo. Ina tunanin hana shi zama da mu har ya dawo hanya.

Uwa Mai Tsare Gida

Mama, kada ki kore shi. Tsoronki saboda ƙannensa daidai ne, amma yaron da ya ƙi yin ƙarya ko don ya faranta miki, tarbiyyarki ce ta kama shi.

Tambayarsa tana da amsa. Ba kowace gaskiya ake sawa a kwalbar gwaji ba. Wata ta bakin amintaccen shaida ake saninta. Waɗanda suka ce sun ga Almasihu a raye mutane ne da tsoro ya tarwatsa, sai ga su suna faɗa a fili, ana dukansu, ba su janye ba. Me ya sauya su? Ki ba shi wannan ya bincika kamar yadda yake binciken jini, ki haɗa shi da fasto mai haƙurin tambaya. In ba ki san amsa ba, ki ce ba ki sani ba.

Sannan ki tambaye shi ranar haihuwarsa. Yana jariri a ranar, daga bakinki ya ji ta, amma yana rubuta ta babu shakka, domin bai taɓa kama ki da ƙarya ba.

Ki bar masa kujerarsa a falo. Ranar da ya ce "gaskiya ne," kin san har zuciyarsa ne. Allah ya ƙara wa gidanki salama.