Allurar Onelio

Laraba, 3 ga Janairu

Haƙoran roba sun zo. Farare tas, sun fi waɗanda Allah ya ba ni kyau. Matata Mirtha ta ce in na ci gaba da wannan murmushin za ta fara raka ni kasuwa, don ba ta yarda da mata masu sayar da tumatir ba. Na ci gasasshiyar masara, rabona da ita tun bara.

Da yamma na ɗauko ƙahona. Muryar ƙasa lafiya, ta tsakiya lafiya. Ina hawa sama sai iska, fuuu, kamar tayar keke ta sace. Da haƙori leɓe yake jingina, waɗannan kuwa baƙi ne, motsi suke yi. Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 6 ga Janairu

Gobe za mu buɗe kiɗan jaz na Lahadi-Lahadi a tsakar gidan al'adu, har ƙarshen Fabrairu. Duk garinmu Guanabacoa ya san yadda muke rufe taro: in miƙe tsaye in ja siririyar busar nan ta can ƙololuwa, wadda suke kira da sunana, Allurar Onelio. Ba mai ɗaga kujerarsa sai ya ji ta. Tun ina da baƙin gashi nake yin ta, kuma in ban da ita ban san abin da za a tuna ni da shi ba.

Na shige cikin kwabar tufafi na rufe, na yi ta gwadawa har gumi ya jiƙa ni. Babu. Mirtha ta ƙwanƙwasa: "Tsoho, akuya ka ɓoye mini a ciki?"

Lahadi, 7 ga Janairu

Kai, yau an yi kiɗa! Tsakar gidan ta cika maƙil, har kan katanga mutane. Eusebio, shugaban ƙungiyar kiɗanmu, ya zuba wa ƙasa ɗigon farko na barasa don waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sannan ya zauna kan fiyano kamar mai jin haushinsa. Tsofaffin nan masu fararen takalma suka tashi rawa, mai sanda ma ya ba matarsa ta riƙe masa. Na manta da bakina gaba ɗaya.

Sai ƙarshe ya zo. Eusebio ya nuna ni da haɓa. Na miƙe, na ɗaga ƙaho, na kumbura kumatu. Kuma sai ga Allura ta fito, tsaf, doguwa, har tantabaru suka tashi daga kan rufi. Amma ba daga bakina ba. Daga bayana ta fito, wajen ganguna, inda Idalmis mai ƙaho na biyu take zama. Kiɗa ya yi ƙarfi, idon kowa yana kaina, ba wanda ya lura.

An tafa mini har na ji kunya. Na kuma rusuna na karɓa.

Litinin, 8 ga Janairu

Na sami Idalmis tana wanke ƙahonta a famfo. Kafin in buɗe baki ta ce, "Kawu, tun wajen gwaji na ji leɓenka yana yoyo. Ka saba da haƙoran tukuna, ni ina nan a baya." Na ce sati ɗaya ne kawai. Ta ce to, tana dariya ƙasa-ƙasa. Na kai mata kofi.

Lahadi, 14 ga Janairu

Haka muka sake yi. Wata mata ta sumbace ni a goshi, ta ce tsufa ƙara mini numfashi yake yi.

Alhamis, 18 ga Janairu

Tunda sama ta ƙi, sai na zauna a muryar ƙasa ina wasa. Ashe akwai daɗi a can. Murya mai kauri, a hankali, busa uku inda dā nake yin goma. Shekara da shekaru ina wucewa ta wurin da gudu don in kai ga Allura. Mirtha ta bar tsintar wake ta tsaya a ƙofa. "Wannan fa na wa ne?" Na ce nawa ne. Ta ce da haka na busa mata tun farko da ba ta ja mini rai ba.

Lahadi, 28 ga Janairu

An yi yayyafi, ba wanda ya motsa. Suka buɗe lema suna rawa a ƙarƙashi. Na busa sabon salon nawa a tsakiyar kiɗa, Idalmis ta amsa mini daga baya, muka yi ta ba juna kamar masu hira a bakin titi. Rabon da in ji daɗin kiɗa haka har na manta.

Muna tattara kaya Eusebio ya ce, "Abokina, Allurarka ta bana da ƙuruciya take." Bai kalle ni ba. Ya sani, tsohon munafuki. Kunnensa yana jin faɗuwar tsinke.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Mahaifiyar Idalmis ta zo daga ƙauyensu na masu noman taba, kwana ta yi a mota. Leocadia sunanta, ƙaramar mace mai tauri a tafin hannu. Ba ta taɓa ganin 'yarta a gaban jama'a ba. Bayan an tashi ta riƙe hannuna da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, wannan busar taka ta ƙarshe har tsigar jikina ta tashi. Don Allah ka koya wa yarinyar nan ko rabinta. Ubanta ya ce ƙaho ba na mata ba ne, ni na tsaya mata, amma ga ta can a baya ko ganinta ba a yi sosai."

Idalmis ta ce, "Mama, ai yana koya mini," ta kashe mini ido.

Na yi dariya da sababbin haƙorana. Shinkafa da waken Mirtha ba su shiga ba yau.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na faɗa wa Mirtha. Ta ce ta sani tun ranar farko, wai in ina yin Allura da gaske kunnuwana ja suke yi, bana kuwa ba su yi ba. Na ce me ya sa ba ta yi magana ba? Ta ce tana jira ta ga ko namiji ta aura.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na koma wajen likitan haƙori, ya matse su, ya ba ni wani man liƙawa. Na gwada. Na kusa, saura kaɗan, amma a shaƙe take fita. Wataƙila baɗi. Wataƙila kuma babu baɗin.

Idalmis ta ce Leocadia za ta dawo ranar rufewa, har da uban za ta jawo. Ta faɗa kamar ba komai ba, tana goge ƙahon da ya riga ya goge.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

An rufe. Na gaji, sai gobe.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Jiya jama'a har bakin titi. Uban Idalmis ya zo da hular kaba, ya zauna a gaba ya naɗe hannu kamar an kawo shi kotu. Muka yi kiɗa, muka yi kiɗa. Eusebio ya tsinka igiyar fiyano ɗaya bai ma sani ba.

Da ya nuna ni da haɓa na miƙe, na ɗaga ƙaho. Idalmis ta soma. Tana tsakiyar ja sai na sauke nawa, na ciro hankici na share goshi, na matsa gefe. Gumi ne ya shiga mini ido, ba wani abu ba.

Allura kuwa ta ci gaba. Mutane suna kallona hannu a ƙasa, suna jin ta tana tafiya. Sai kawuna suka juya baya ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar idonta a rufe, ba ta san an gan ta ba, ta yi ta ja, ta wuce inda na taɓa kaiwa. Na sa ƙaho na riƙe mata daga ƙasa. Leocadia ta miƙe tana ihu, "Tawa ce! 'Yata ce!" tana dukan mijin a kafaɗa. Shi dai ya cire hular ya riƙe a ƙirji, ya kasa rufe baki.

Idalmis ta zo tana kuka tana yi mini faɗa. "Kawu, me ka yi haka? Ai da ka gaya mini in gyara gashina!"

Wani yaro mai bakin tsiya ya tambaye ni tun yaushe. Na ce ya tambayi kakarsa. Matar da ta sumbace ni kwanaki ta wuce ni ta je ta sumbaci Idalmis. Ya ɗan yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na yi barci har rana ta fito, na ci ƙwai uku.

Ɗazu Eusebio ya biyo yana maganar baɗi. Na ce masa ya kai mini kujerata baya, kusa da ganguna. Can ya fi inuwa.