Mutumin da Ke Kan Katako

Maska, 9 ga Yuli

Yaya Almustapha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da tekunka. Mu ma lafiya, in ban da Baba. Ƙafar ta ƙara kumbura, yanar ido kuma ta kusa rufe masa gani.

Saƙonka ya iso. Wai ba za ka zo ba sai bayan damina, yanzu ne igiyar ruwa ke tashi a Legas, yanzu ne masu hawanta da katako ke neman mai ɗaukar hoto. Shekara bakwai ke nan tekun nan ba ta tashi sai ciyawa ta rufe masara! Ban ce ka zo ka kama fartanya ba, na san hannun ya yi laushi. Baba ke son ganinka. Shi da ya zane ka don iyo a dam ɗin Mairuwa, shi ne dai ya sayar da maraƙi ya saya maka kyamarar da ka fara bin bukukuwan Funtua da ita.

Hoton da ka ba direban motar masara ya zo, gilashin bai fashe ba. Na karanta sunanka can a ƙasa, ƙanƙane kamar rubutun bayan buhun taki da na koyi karatu da shi.

Inno na gaishe ka. Ka zo.

Ƙanenka,
Mahadi


Maska, 21 ga Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Akwai abin da ban iya faɗa a waya ba. Ranar da hoton nan ya zo, Baba ya sa na fitar da shi ƙofar zaure. Ya kai shi dab da fuskarsa, ya daɗe yana duba mutumin da ke durƙushe kan katako, ruwa ya lanƙwaso a kansa kamar rufin soro. Ya ce ka yi ƙiba. Na ce ba kai ba ne, kai kana cikin ruwa bayan kyamara, ba a ganinka. Ya ce in daina shashanci, wane ɗa ne zai aiko wa ubansa marar lafiya hoton wani ƙato?

Duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa. Har Liman ya yaba jarumtarka, ina zaune ina kallon ƙasa.

Ranar Talata da la'asar ya nemi hoton. Ya dafa gilashin, ya sa albarka, ya ce ya yafe duniya da lahira.

Kada ka wahalar da kanka don sadakar bakwai, na san ruwa bai kwanta ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka nemo mai katakon nan, ko ma wane ne, ka gaya masa wani tsoho a Maska ya yafe masa.

Ka huta lafiya.

Mahadi