Yuriyar da Ta Ruɓar Mana da Albasa

Zuwa ga Alhaji mai shagon taki da iri a kasuwar Aliero,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka.

Kafin in zo kanka, ina jan kunnen duk uwar da ke karanta wannan: kada ki bari mai sayar da taki ya zama malamin gonar ɗanki.

Ni ce mahaifiyar Nafi'u na Jiga Makera. Tun rasuwar mahaifinsa lambun albasarmu yake hannunsa, kuma da shi gidan nan ke ci. Ga abin da ka yi mana.

Na ɗaya: ka ce masa takin shanu aikin tsofaffi ne, ya watsa takin zamani na yuriya kawai ya cika fangali da ruwa har ya tumbatsa. Saiwar albasa gajera ce, Alhaji. Ruwan ya wanke takin ya nutse da shi inda ba ta kaiwa, ganye ya koma rawaya.

Na biyu: da ya dawo maka da kuka, sai ka ce taki ne bai isa ba, ya ƙara. A lokacin albasa ta riga ta fara yin kai, lokacin da marigayi mahaifinsa kan janye hannu daga taki. Lawashi ya yi kore shar, masu wucewa har tsayawa suke. Amma wuyanta ya yi kauri, ya ƙi bushewa. Muka cire muka jera a rudu don ajiya. Kafin damina ta faɗi, wari ya kore mu daga tsakar gida. Ni da matar Nafi'u muka kwashe ta da kwando zuwa juji.

Na uku: na zo shagonka da ƙafata, ka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma shawarar daga bakinka ta fito. Nafi'u ma ya sha faɗana, don kwaɗayin babban kai ne ya ja shi.

Ba diyya nake nema ba. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ka riƙa tambayar yaro kwanan shukarsa kafin ka auna masa. Allah ya shirye ka, ya tsarkake maka kasuwa.

A gidana kuwa na kafa doka: takin shanu ne zai fara shiga fangali, kuma da zarar albasa ta fara kai, ko kyauta ka ba da yuriya ba za ta ƙetare ƙofata ba.

Wassalam.

Mahaifiyar Nafi'u,
Jiga Makera